Gullisuwar Baba Lurwanu

A gindin bishiyar zogale aka ƙulla cinikin. Lurwanu na cikin gida riƙe da mesar ban ruwa, Sailuba na waje ta ɗora haɓarta a kan katanga, idonta a kan ganye.

"Ke dai ki biyo da su ta nan," in ji Lurwanu. "Su tsaya a ƙofar nan su danna ƙararrawa. Iyakar abin da nake nema ke nan."

"Baba, layinku ba ya kan hanyarmu. Gidan da ba fitila, ba kabewa a ƙofa, wa zai zo? Yaran nan sun san gidajen da ake ba da cakulan mai tsada kamar yadda ƙuda ya san mahauta."

"Zan kunna fitila. Kabewar ma zan saya."

"To ni me zan samu?"

"Lada."

"Lada na wurin Allah, ba a aljihunka yake ba."

"Kai, Kanawa! Ku ko ta'aziyya kuka je sai kun taya tabarmar da aka shimfiɗa muku."

"Gara mu. Ku Zage-zagi tabarmar ma aro kuke yi." Ta nuna bishiyar da baki. "Wannan nake so. Hajiyar gidanmu ta dame ni da kwaɗon zogale, busasshen da ake kawowa daga gida kuwa ƙamshin jaka yake yi."

Duk faɗin Unguwar Ofisoshin Jakadanci babu zogale sai wannan, kuma Lurwanu ya san darajar kayansa. A aljihu ya kawo irin daga Zariya. Ya ɗan ja rai kamar yadda ake yi, sannan ya ce ta riƙa tsinka duk lokacin da ta so har zafi ya dawo, ganye kawai, ban da karya reshe. Sailuba ta ce ta saya. Ita ce mai rainon 'ya'yan Alhaji Sanusi, ma'aikacin ofishin jakadancinmu da ke zaune a bayan layin, kuma ita ce za ta raka ƙaramarsu yawon alewa ranar da Turawa ke kira Halowin.

Lurwanu ya shigo Riyad tun kansa na baƙi. Ya yi dako a sitocin Al-Sulay, ya yi wankin mota, kafin Allah ya haɗa shi da wani Bature mai neman kuku. Baturen ya gama wa'adinsa ya tafi, wani ya zo ya tarar da Lurwanu a kicin, shi ma ya tafi ya bar shi, ana gadonsa tare da gidan kamar murhu. Da na ƙarshe ya tafi ba a kawo kowa ba. Kamfanin da ke da gidan, wanda shi ne kafilinsa, ya ce ya zauna yana ba ciyawa ruwa, yana buɗe tagogi kada gida ya yi warin rufi. Albashi na zuwa, ana sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba mai ce masa tashi ko zauna. Wanda bai gwada ba zai ce hutu ne. Amma mutum ɗaya a ɗakin baya na gida mai bene, in ya yi tari sai tarin ya zaga ɗakuna ya dawo masa.

Jikokinsa suna Zariya. Ranar Juma'a uwarsu kan ce su zo su gaida Kaka a waya, su leƙo, su ce ina wuni, su zura da gudu. Ƙananan cikinsu bayan hutunsa na ƙarshe aka haife su, bai san nauyinsu a hannu ba. Shi kuwa mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana kallon bakin mutane na motsi a kan abin da ya dafa. Abin da yake so bai wuce haka ba: yara su shigo gidan nan, su zauna gabansa, su ci abin da hannunsa ya yi. Bara yana jin hayaniyarsu ta bayan katanga suna wucewa gida gida, ya tambaya aka ce masa al'adar Turawa ce, yara su yi shigar dodanni su bi ƙofofi, ko ka ba su alewa ko su yi maka tsiya. Ya ce af, ashe tashe ne, nasu dai ba a azumi suke yi ba. Tun ranar ya ƙudurta.

Sailuba ta gaya masa abu mai sauƙi ne, ya shiga baƙala, kantin unguwa, ya sayi jakar cakulan, shi ke nan. Ya saya ɗin. Amma da ya ajiye jakar a kan teburin kicin ya dube ta sai kunya ta kama shi. Kuku guda, a ce baƙi sun zo ya miƙa musu abin kanti? Ya hau mota ya tafi kasuwar Bataha ya sayo madarar gari da riɗi da sukari da man shanu. Ya kwana biyu a gaban wuta. Ya yi kantun riɗi, ya yi tuwon madara ya yanka shi dala dala, ya tuƙa iloka har kafaɗarsa ta riƙe, sannan ya mulmula gullisuwa ƙanana ya soya yadda marigayiya Biba, matarsa, take yi wa 'yan makarantar allon unguwarsu, ba ta ƙone ba, ba ta yi fari ba. Gidan da ya manta ƙamshi ya ɗauka har bene.

Cakulan ɗin ma bai bar shi haka ba. A inda ya tashi ba a miƙa wa baƙo abinci a leda, sai ka ce fasinja a tasha. Kuma yara ƙanana, hannu ga sanyi, ina za su iya da ɓare takarda? Ya zauna ya ɓare su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a babban tirensa mai zanen furanni, cakulan a gefe, kayan gida a tsakiya inda ido zai fara sauka. Kabewa ce kawai ta ba shi wahala. Ya ga yadda maƙwabta ke fafe ta su zubar da cikin, abin ya tsaya masa a rai. Ya kwashe nasa cikin ya ajiye don miyar taushe, ya huda mata ido da baki 'yan ƙanana don kada a yi ɓarna da yawa. Da ya sa kyandir a ciki, maimakon dodo sai ta fito kamar mai ciwon haƙori.

Ranar da abin ya zo, tun azahar gari ya haɗe. Ruwan Riyad ba irin daminarmu ba ne da ke sallama kafin ta shigo. Sai a shafe watanni sama kamar an share ta, rana ɗaya a ƙarshen Oktoba waya ta yi ƙara da saƙon gargaɗi, kafin ka kwashe shanya titi ya zama rafi. Larabawa murna suke yi, su ɗebi iyali a mota su fita kallo. Lurwanu kuwa tsayawa ya yi a baranda yana roƙon Allah ya tsagaita. Aka yi kamar da bakin ƙwarya bayan la'asar, zuwa magariba ya koma yayyafi. Ya shimfiɗa darduma a baranda inda feshi ba ya kaiwa, ya dafa shayi da citta da kanumfari ya zuba a fulas, ya kunna duk fitilun gaba, ya sa farar kaftaninsa ta Juma'a.

Ya idar da salla ke nan ƙararrawa ta kaɗa. Rabon da wani ya taɓa ta har ya manta muryarta.

Ya buɗe ƙofa ya tarar da su cunkus: mai zanin gado a ka da hudar ido, mai rigar ƙwarangwal, wata da doguwar baƙar hula da ruwa ya lanƙwasa. A bayansu iyaye mata da lema, Turawa da 'yan wasu ƙasashe, sai Sailuba a gefe ta yafa leda a kan mayafi. Aliya, ƙaramar 'yar Alhaji Sanusi, ta yi shigar kyanwa, gashin bakin da aka zana mata yana zirara zuwa haɓa.

"Tirik o tirit!" suka haɗa baki, kowa ya miƙo jaka.

"Ahlan, ahlan! Tafaddalu!" in ji Lurwanu, ya ja baya ya buɗe ƙofar duka. "Ku shigo daga ruwa, ga shimfiɗa, ga shayi."

Ba wanda ya ɗaga ƙafa. Ya ɗauka kunya ce, ya koma da sauri ya ɗauko tiren da hannu biyu, ya rusuna ya kawo shi daidai fuskarsu. Hayaniya ta ɗauke. Wani ɗan ƙaramin ƙwarangwal ya miƙa hannu zai ɗauki iloka, uwarsa ta riƙe masa wuyan hannu a hankali. Ta yi wa Lurwanu murmushi ta ce ta gode ƙwarai. Ya san murmushin nan. Ya sha ganinsa a teburin Bature, shi ake yi wa abincin da za a mayar kicin ba a taɓa ba.

Sailuba ta matso ta yi ƙasa da murya. "Baba, me ka yi haka? Ina takardun?"

"Na ɓare musu."

"Innalillahi! Ai ba sa karɓar abin da ba a rufe yake ba. Sai na kanti, da ledarsa. Tsoro suke kada a sa wa yaro wani abu."

"Wani abu kamar me? Ni?"

"Ba kai ba, kowa ma. Haka suke yi ko a ƙasarsu. Ni kaina Hajiya sai da ta ja mini kunne kafin mu fito."

"To ba ki faɗa mini ba."

"Na ce ka sayi jaka. Na san za ka yi mata fiɗa?"

Aliya ta ɗaga kai tana kallon tsakiyar tiren. Larabci ya fi zama a bakinta, Hausar sai ta laluba. "Ammu, wannan esh?"

"Gullisuwa ce, uwata. Ta garinku ce. Ɗauki ɗaya ki ji."

Yarinyar ta dubi Sailuba. Sailuba ta girgiza kai, idonta a ƙasa.

"Mama ta ce mamnu', an hana," in ji Aliya, ta mayar da hannunta cikin jaka.

Wata daga cikin matan, don kada a tafi haka, ta ɗauki kantu ɗaya ta naɗe a takardar goge hannu ta sa a aljihu. Aka ce wa yara su yi godiya, suka yi. Lemomin suka juya suka nufi gidan gaba, inda tun daga nesa ake jin ƙarar leda.

Sailuba ta tsaya kaɗan. "Na dai kawo su, Baba. Kuma sun danna."

"Kin kawo," in ji shi. "Bi su, kada ta ɓace miki."

Ya mayar da tiren baranda ya zauna a gefen dardumar. Ruwa ya sake ƙarfi, ya kashe kyandirin kabewa. Ya zuba shayi bai sha ba. Yana nan zaune har aka kira isha'i, ya yi sallarsa a nan inda ya shimfiɗa wa baƙi.

Sai ƙararrawa ta sake kaɗawa. Ya tashi da sauri ya buɗe, ba kowa, sai ruwa na gudu a gefen titi. Ya rufe, bai kai baranda ba aka sake dannawa. Ya buɗe, ba kowa. A na gaba bai dubi titi ba, ƙasa ya duba, ya hango takalma jere a bayan wata mota da ke fake a tsallake, da wata dariya da ake toshewa da hannu. Manyan yara ne, waɗanda suka wuce a riƙe musu hannu, suka fito yin rabin al'adar da ya rage. Labari ya kai musu cewa gidan nan ba a samu komai ba, to ga tsiyar ta zo. Ɗaya ya ɗago kai, Lurwanu ya gane shi: Ghazali ne, yayan Aliya, cikin rigar ruwan ubansa da ta kai masa ƙwauri.

Nan Lurwanu ya tsaya ya yi tunani irin na wanda ya ga jiya. Waɗannan ba uwa a bayansu, kuma tun magariba suke yawo cikin ruwa. Amma in ya ce tafaddalu, sun gudu ke nan. Duk wanda ya taɓa zama yaro ya san mangwaron da aka haura katanga aka tsinko ya fi na kasuwa zaƙi.

Ya koma ciki ya fito da tsintsiya yana kaɗa ta sama. "Wane ɗan ƙwal uba ne? Min hada? In na kama mutum sai na kai shi wurin masu gadi!" Bayan mota dariya ta ƙwace. Ya shiga ya ɗauko kujera 'yar tsugunno ya ajiye a bakin ƙofa, ƙarƙashin 'yar rumfar da ke kanta, ya ɗora tiren. Ya ɗaga murya da Hausa, ya maimaita da Larabcinsa na kasuwa don kowa ya ji: "Wannan na baƙina ne, yanzu za su zo. Duk wanda ya taɓa, ni da shi ne!" Bai dai rantse ba. Ya shige ya turo ƙofa, ya bi ta cikin ciyawa ya laɓe a jikin katanga.

Ba a jima ba ya ji tafiyar sanɗa a cikin ruwa, ya ji tire ya gogi kujera, sai gudu. Ba su yi nisa ba. Rumfar motar maƙwabci suka shiga, wadda ke manne da katangar, tsakaninsa da su bai fi kaurin bulo ba. Ya ji ana ƙumus ƙumus da kantu. Ya ji wani ya ce "Hat, hat!" ana fizge, wani na rantsuwa da Turanci shi bai samu ƙananan nan masu zagaye ba, Ghazali na cewa shi ya ɗauko don haka shi ke rabo. Wani iloka ta liƙe masa a haƙori yana magana ba a ganewa, sauran suka fashe. Lurwanu ya jingina kunnensa da jiƙaƙƙen bulo, ruwa na bi ta wuyan kaftani yana gangara masa a baya. Bai ga bakin ko ɗaya ba. Ya tsaya a nan har suka cinye, har ƙafafunsu suka yi nisa, da tiren da komai.

Ya wayi gari da mura. Da hantsi yana kwance aka danna ƙararrawa, ya fito da rawani a wuya. Alhaji Sanusi ne cikin shirin ofis, Ghazali a gabansa rungume da tire an wanke shi tas, Sailuba can baya tana wasa da bakin mayafi. Ita ta tsinci tiren a ƙarƙashin matakalar gidansu da safe, ta gane shi, ta kuma san in ta yi shiru ita za a fara tambaya.

Alhaji Sanusi ya rusuna ya gaishe shi kamar yadda ɗa ke gaida uba. "Baba, haƙuri muka zo bayarwa. Yaron nan ya kunyata ni."

"Ranka ya daɗe, ai ba komai. Don su na ajiye."

"Kada ka rufa masa asiri, Baba. Da bakinsa ya faɗa mini ka yi musu kashedi har da harshe biyu, suka ɗauka duk da haka. A ƙasar mutane muke. Yau tire, gobe me?" Ya dafa ƙeyar yaron. "Faɗi."

Ghazali ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti ya karanto abin da aka biya masa a hanya. "Baba, ka yi haƙuri. Na yi kuskure. Ba zan ƙara ba."

Lurwanu ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga bayanin ba shi da ƙofa. Ya ce wa babban mutum dattijo ya shirya wa ɗansa sata da gangan? Ya karɓi tiren.

"Na yi magana da iyayen sauran," in ji Alhaji Sanusi. "Ba wanda zai sake bin layin nan. Wanda ya taɓa maka ƙararrawa, wayarsa ta tafi. In sha Allahu ba za a ƙara damunka ba, ka huta."

"Ku shigo ku sha shayi mana."

"Wallahi na makara, Baba. Wani lokaci."

Sun juya ke nan Lurwanu ya ce, "Ghazali." Yaron ya waiwayo. "Wanne ya fi daɗi?"

Yaron ya saci kallon ubansa, sannan ya haɗa yatsu biyu ya yi ɗan zagaye. "Hada. Ƙaramin."

"Gullisuwa sunanta."

"Gul-lisuwa," in ji Ghazali. "Marra laziz. Daɗi sosai."

"Wuce mu tafi, marar kunya," in ji uban.

Alhaji Sanusi mutum ne mai cika magana, yaran ba su sake bin layin ba. Aka yi ta ruwa jefi jefi har sanyi ya shigo sosai, zogale ya yi lif. Sailuba ta ci gaba da tsinka, tun da ciniki ciniki ne, sai dai ta koma zuwa lokacin da ta san ya tafi masallaci, ta miƙo hannu ta kan katanga. Nauyin haɗa ido da shi take ji. Da can takan tsaya su yi ta tsokanar Kano da Zazzau har mesa ta cika kwalbati, yanzu sai dai ya dawo ya ga inda aka tsinka.

In za a raba riba da asara, Sailuba ta ci zogale, Hajiyarta ta sha kwaɗo har ta aika wa ƙawaye. Yaran sun cika ciki a daren da ba su zata ba, kuma ko da aka yi musu faɗa abin ya riga ya wuce maƙogwaro. Alhaji Sanusi ya gyara ɗansa, ya kuma tafi da zuciyar ya kyauta wa dattijo. Lurwanu ya samu tirensa da kalma biyu ta yabo daga bakin yaro, ga mura ta sati. Wanda ya yi asara ma shi ne, don kafin cinikin yana da mai tsayawa ta yi masa hira ta kan katanga, bayan cinikin ita ma ya rasa ta.